Ku Tambayi Malama: Matasanmu da Kundin Karatu

Assalamu alaikum. Ina rubuta amsoshin wannan watan ana tsakiyar kaka. A ƙauyenmu da ke wajen Ringim an jingine dammunan riɗi suna shan rana, yara kuma suna zuwa makaranta da kanta a tafin hannu. Na ware wasiƙu huɗu da suka zo a kan karatun matasa. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Malama, barka da aiki. 'Yata ta biyu shekarunta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun da yayanta ya bar mata tsohuwar wayarsa ba ta da aiki sai karanta labaran da ake turowa ta WhatsApp. In na ce ta tashi ta yi surfe sai ta ce in bari ta ƙarasa shafi. Ni karatuna bai wuce firamare ba, ban san abin da ke ciki ba. Babanta ya ce a ƙwace wayar. Ni kuma ina ganin yarinyar da ke son karatu bai kamata a kashe mata gwiwa ba. Ina mafita?

*Wata uwa, daga wajen Gaya*

'Yar'uwa, ke da maigidan kowa da gaskiyarsa. Labaran da ke yawo a waya babu mai tace su kafin su iso hannun yaro. Akwai masu kyau a ciki, na karanta wasu na yaba. Akwai kuma waɗanda masu su da kansu suke rubutawa a sama cewa na matan aure ne, amma waya ba ta tambayar shekaru. Sannan ana sakin su ne gutsure-gutsure, a yanke a daidai inda rai ya ɗauka, don mai karatu ya kwana da ƙishirwar na gobe. Abin da ke hana ta tashi surfe ke nan. Tsoron babanta yana kan hanya.

Sai dai ke uwa ce, kin yi yaye. Ba a cire yaro daga nono sai an tanadi kunun da zai sha. In aka ƙwace wayar yau aka bar ta hannu rabbana, gobe za ta karanta a wayar ƙawarta a hanyar rijiya, inda idonki ba ya kaiwa.

Kin ce karatunki bai yi nisa ba. Kunnenki ya isa. Da yamma, in kin zauna ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, ki ce mata, "Zo ki karanta mini abin nan da ya ɗauke miki hankali, ni ma in ji." Ki faɗe shi da sakin fuska, kada ta ji kamar an kai ta gaban alƙali. Sai ki saurara. Inda ta sassauta murya, inda ta yi tsalle ta wuce layi biyu, inda ta ce "nan babu daɗi" ta yi sauri ta juya, duk kin gane. Ita ma ta san kin gane, ba sai kin ɗaga murya ba. Ma'aunin da nake ba iyaye ke nan shekara da shekaru: littafin da yarinya za ta iya karanta wa uwarta a bayyane, daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake komai ba, ki bar ta da shi.

Ni haka aka yi mini. Gwaggona da ta riƙe ni ba ta san ko bihim a boko ba. Amma bayan sallar isha'i takan kunna aci-balbal ta ce in ɗauko Magana Jari Ce in karanta mata. Ba ta taɓa barin in yi shafi uku ba ta tsayar da ni ba. "Tsaya, wannan waziri tun ɗazu ban yarda da shi ba." Ko kuma, "Ke da ke ce, ya za ki yi?" In na ba da amsa ta yi mini gardama, in na kāre kaina ta yi dariya ta ce in ci gaba. A wajenta na koyi cewa ana iya mayar wa littafi magana. Allah Ya jiƙanta da rahama.

To, ga kunun da za ki tanada. Ki fara da tsofaffin nan da ba sa tsufa. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya shirya. Daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Gajeru ne, yarinya mai saurin karatu za ta gama ɗaya a kwana biyu ko uku. In ta fi son dariya da yawon duniya, Ruwan Bagaja. In mai tausayi ce, ki ba ta Shaihu Umar, domin a ciki akwai uwar da ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare Sahara, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Ban taɓa karanta wa 'yan aji wannan wuri ba tare da ajin ya yi tsit ba. Magana Jari Ce kuwa littafi uku ne, labarai ne gajeru a jere, ya dace da zaman ɓarar gyaɗa, don kowane dare ana iya gama ɗaya.

Ki kuma gaya mata wani abu da yara suke mamakinsa in na faɗa: lokacin da Imam da Tafawa Ɓalewa suka rubuta waɗannan littattafai na gasa, samari ne malaman makaranta, ɗaya yana da shekara 22, ɗaya 21. Ba su fi yayanta da yawa ba.

Maganar soyayya kuma, kada mu ruɗi kanmu. 'Yar shekara 14 tana jin zancen a gidan biki, tana ji a rediyo, tana gani a ƙawayenta da aka fara yi wa sallama. Ban ga amfanin a ce duk littafin da ya ambaci so haramun ne ba. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, labarin wata 'yar Fulani da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Irin wannan in kun karanta tare, shi zai buɗe muku ƙofar hirar da uwa da 'ya suke jin nauyin farawa. Cikin marubutan Kano na baya-bayan nan ma, mata da maza, akwai masu rubutu da kamun kai a kan kishi da zaman gida da karatun 'ya mace. Ki sa su a ma'aunin da na faɗa.

Shi kuma maigida, ki same shi a natse ki kawo masa tsari: aikin gida da Islamiyya su ne gaba, wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinki daga sallar isha'i. In ya ga littafi na takarda a hannunta, ya kuma ji muryarta tana karanta miki a tsakar gida, ina kyautata zaton hankalinsa zai kwanta. Wataƙila ma ki ga ya jawo tabarma kusa.

Tambaya: Mama, ina gaisuwa. Ni ɗan aji biyu ne a babbar sakandare. Ina son karatu, amma in na gama littafi, bayan sati biyu aka tambaye ni sai in rasa abin faɗa. Malaminmu ya ce mu riƙa rubuta abin da muka karanta. Na gwada, sai na ga kwafe littafin kawai nake yi, hannuna ya gaji na bari. Yaya ake yi?

*Wani ɗalibi, daga wajen Ɓaɓura*

Ɗana, malaminku ya ba ku shawara mai kyau, hanyar ce ba a nuna maka ba. Abin da yake nufi ni kundin karatu nake ce masa, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mahaifina malamin zaure ne. A cikin gafakarsa, ban da littattafan da yake karantarwa, akwai wasu warƙoƙi da ya ɗaure da tsirkiya. Bayan rasuwarsa muka buɗe. A ciki ya rubuta ranar da ya fara Risala da wajen malamin da ya fara, da ranar da ya sauke, da mas'alar da ta shige masa duhu, da amsar da ya samu bayan shekaru a bakin wani baƙon malami. A gefen littattafan nasa ma duk ƙananan rubutu ne da ajami, fassarar kalma ko tambaya. Da na karanta sai na ji kamar yana zaune yana magana. Ka leƙa gafakar duk wani tsohon malami a garinku, in ya yarda, za ka ga irin wannan.

Ka sayi littafin rubutu mai warƙa sittin, ka ware shi, kada ka haɗa shi da na darasi. A saman shafi ka sa kwanan wata, da sunan littafin, da wanda ya rubuta shi, da wanda ka ara a wajensa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don mai mayar da aro shi ake sake ba wa.

Ga inda ka yi kuskure: kana rubutu littafin yana buɗe a gabanka. In dai yana buɗe, ido zai riƙa satar kallo, hannu ya bi shi. Ka karanta abin da za ka karanta, ka rufe, ka tura shi ƙarƙashin matashi, sannan ka ɗauki biro. Ka rubuta kamar kana ba abokinka labari a kan hanyar gona. Layi biyar ya isa. Abin da ya tsaya maka a ka bayan ka rufe littafi, shi ne naka. In ka rasa komai, alama ce idonka ne ya bi shafin, hankalinka yana wani wuri, sai ka koma ka sake.

Kada kuma ka tsaya a "wane ya yi kaza, sannan ya yi kaza." Ka sa bakinka. Bari in nuna maka irin shafin da nake so in gani, a kan Jiki Magayi:

"Talata, bayan la'asar. Na kai inda Abubakar ya bar gari yana neman abin da zai rama da shi, saboda mai kuɗi ya aure Zainab. An cuce shi, na yarda. Amma ramuwar a kan ɗan Zainab da mai kuɗin za ta sauka, shi kuwa yaron me ya yi? Na tuna rigimar gonar da aka yi a unguwarmu, har yau 'ya'yan gidajen biyu ba sa gaisawa, alhali ba a haife su ba lokacin. Tambaya: in an zalunci mutum bai da ƙarfi, mene ne ya rage masa ban da wannan?"

Ka gani, babu abin da aka kwafa. Akwai inda aka tsaya, akwai inda aka ƙi yarda, akwai abin da labarin ya tuno a gida. Wanda ya rubuta wannan, ko bayan shekara biyar ka tashe shi daga barci zai ba ka labarin littafin.

Ka bar rabin shafi fari a ƙasan kowane littafi da ka gama. Bayan wata shida ko shekara ka dawo ka karanta abin da ka rubuta, ka ƙara abin da kake gani yanzu. Sau da yawa za ka tarar ka sauya ra'ayi, wanda ka zaga a da yanzu kana tausaya masa. A nan mutum yake ganin girmansa da idonsa, kamar yadda ake auna tsawon yaro a jikin garu.

Shafukan baya kuma ka ware su don kalmomi. Duk kalmar da ba ka sani ba ka rubuta, amma kafin ka nemi ƙamus ka fara kai ta wajen tsofaffi. Wani ɗalibina ya taɓa cin karo da "madugu" da "zango" da "ayari". Ya tambayi kakansa. Tsohon ya ajiye igiyar da yake tufka, ya ba shi labarin nasa kakan, wanda ya yi fatauci da jakuna har Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Yaron ya zo mini da shafi huɗu cike, labarin gidansu da ba wanda ya taɓa rubutawa, ba kuma wanda ya taɓa gaya masa, don bai taɓa tambaya ba. Har yau in na tuna hasken fuskarsa a ranar sai in ji daɗin aikin koyarwa.

Da Hausa za ka rubuta ko da Turanci ko da ajami, duk wanda ya fi zo maka. In littafin Turanci ka karanta, ka gwada ba da labarinsa da Hausa, nan za ka san ko ka fahimta. Amfanin wannan zai bayyana ranar da ka zauna rubuta insha'i a WAEC ko NECO, amma kada ka yi shi don jarrabawa, kuma kada ka kai wa kowa ya sa maka maki. Ina roƙon malamai da iyaye su ma kada su sa jan biro a kundin yaro. Ranar da ya san za a duba, ranar zai fara rubuta abin da ake so a ji.

Damina za ta zo, noma ya sha kanka, ka yi wata biyu ba ka buɗe shi ba. Ba komai. Ka rubuta "damina" a layi ɗaya ka ci gaba daga inda ka tsaya. In kuma littafi ya gundure ka bayan ka ba shi haƙƙinsa, ka ajiye, ka rubuta dalili. Wani littafin lokacinsa ne bai yi ba.

Ka riƙa sa kundin a leda. Ɗakin ƙasa da yoyon damina ba sa barin takarda.

Tambaya: Malama, ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye. Ba mu da laburare, iyayen yara kuma ba su da halin sayen littafin da ba na darasi ba. A ina zan samo wa yara abin karantawa?

*Wani malami, daga wajen Gumel*

Malam, Allah Ya saka da alheri da wannan niyya. Kafin ka dubi birni, ka fara da garin da kake. Littattafai suna nan kwance a cikin adaka da akwatunan tsofaffin malaman firamare, da gidajen waɗanda suka koyar a ajin yaƙi da jahilci, da wajen matan da suka yi makarantar kwana suka yi aure. Ka je da kanka ka yi sallama, ka ce aro kake so don yara, ka rubuta sunan mai shi a bangon ciki. Mutane suna jin nauyin hana abin da aka ce na yara ne. Sannan 'yan garinku da ke karatun Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Bayero, kowannensu an sa shi sayen littattafan adabi. In sun gama, su bar wa ƙannensu.

Sai adashi. Yadda mata suke zubi a ɗauka bi da bi, haka na yi da 'yan ajina. Kowa ya kawo ɗan abin da ya samu ranar kasuwa, in ya taru a ba direban da ke zuwa Kano sunan littafi a rubuce, ya sayo a shagunan littattafai na Sabon Gari. Wanda aka ɗauka da sunansa shi zai fara karantawa, sannan ya zagaya. Lokacin kaka ya fi, don yara suna samun na roron gyaɗa da tsinkar zoɓo. Masu shimfiɗa littattafan addini a bakin masallacin Juma'a da ranar kasuwa su ma a Kano suke sari, in ka saba da ɗaya zai riƙa haɗo maka. Ka dai duba shafukan kafin ka biya, don akwai bugun da ake yi na sata, wani shafin a juye, wani babu shi.

Kada ka tsaya a labarai kaɗai. Ka nemi waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, yara su san cewa ƙasarsu ta fitar da mawaƙin da ake nazarinsa a jami'a, su kuma rera su da baki, don waƙa ba a yi ta don a karanta a zuci ba. Ka sa wasan kwaikwayo ko ɗaya ne, su raba matsayi su yi a gaban aji. Tsofaffin jaridun Aminiya ma abin karatu ne, musamman ga yaran da labarin ƙwallo ko na noma ya fi jan su. 'Yan matan da ka ga hannunsu yana son rubutu, ka gaya musu akwai gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta, su san akwai inda hanyar take kaiwa.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai, don na ɗanɗana. Shekarar da na fara, na riƙa ba da aro da baki, ina ganin ai duk 'ya'yana ne. Kafin hutu rabin littattafan sun bi gari, ba don yaran ɓarayi ne ba, wannan ya ba wancan, wancan ya tafi da shi gidan yayarsa. Ka buɗe rajista, ka damƙa ta ga yara biyu, mace da namiji, su suka fi mu sanin inda littafi ya kwana. Na biyu gara. Ka samu akwatin ƙarfe, ka ɗora shi a kan bulo nesa da bango, kowane littafi a yi masa riga da takardar buhun siminti. Na taɓa buɗe kwali bayan dogon hutu na tarar da ƙasa a madadin littafi goma sha ɗaya, har da wanda gwaggona ta saya mini.

Tambaya: Anti, na samu wani tsohon littafi a ɗakin kakata, babu bango, kuma shafukan ƙarshe sun yage. Na karanta har inda ya tsaya, abin yana damuna. Shekaruna 13.

*Wata yarinya, daga wajen Kazaure*

'Yata, ki kai wa malamin Hausa na makarantarku, ki gaya masa sunayen mutanen da ke cikin labarin, da wuya bai gane littafin ba. Ki tambayi kakar taki ma, wataƙila an taɓa karanta mata shi tana amarya, ta riƙe ƙarshen a ka. Amma kafin ki je wajen kowa, ki samu littafin rubutu ki rubuta yadda ke kike ganin labarin zai ƙare, ki sa kwanan wata. Ranar da cikakken ya zo hannunki sai ki ajiye su gefe da gefe. Ki aiko mini da naki, ina so in karanta.